Sanyin 2022 da bashin da ya bar mana: yadda muka bi ƙofofin agaji a Ingila

Gidan da muke haya a arewacin Ingila irin tsofaffin gidajen jan bulo ne da aka jera manne da juna, waɗanda aka gina wa leburorin masaƙu tun kafin yaƙin duniya na farko. Bangon ba shi da abin tare sanyi. Ka kunna hita ta ɗumama ɗaki, ka kashe, kafin ka idar da sallar isha'i sanyi ya dawo da ƙarfinsa. A wannan gida muka shiga hunturun 2022, ni da maigida da yara uku, autarsu ba ta cika shekara uku ba.

Farashin wuta da gas ya fara tashi tun kafin Rasha ta auka wa Yukren a watan Fabrairun shekarar, yaƙin ya zo ya ƙara masa. A watan Afrilu hukumar Ofgem, mai ƙayyade farashin makamashi a Birtaniya, ta ɗaga iyakar farashin da kashi 54 cikin ɗari, ya zama matsakaicin gida zai biya fam 1,971 a shekara. A Oktoba an ce zai kai fam 3,549, sai gwamnati ta shiga tsakani ta tsayar da shi a fam 2,500, ta kuma ba kowane gida fam 400 a rarrabe cikin wata shida. Da yawa cikinmu sun ɗauka fam 2,500 ɗin nan shi ne iyakar abin da za a caje ka. Ba haka ba ne. Farashin kowane awo aka ƙayyade, gidan da ke zubar da ɗumi kamar namu kuwa ya fi matsakaicin gida shan gas nesa ba kusa ba.

Da albashi biyu muna lallaɓawa. Sai maigida ya samu ciwon baya a ɗakin ajiyar kayan da yake aiki, likita ya hana shi ɗaukar nauyi. Kuɗin rashin lafiya da doka ta tanada a lokacin fam 99.35 ne a mako. Ni kuma aikin kula da tsofaffi nake yi, ba cikakkun awoyi ba, saboda yara. Da yake muna da takardar zaman dindindin mun nemi Universal Credit, tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi duk wata, aka ce sai mun jira mako biyar kafin kuɗin farko. Wanda ba zai iya jira ba ana ba shi rance, a riƙa cirewa daga abin da zai samu daga baya. Mun karɓa. Kuma a dokar wancan lokaci, ɗa na uku da aka haifa daga 6 ga Afrilun 2017 zuwa gaba ba a lissafa shi cikin kuɗin yara, saboda haka autarmu tana cin abinci amma ba ta cikin lissafi.

Kamfanin wutarmu ya ɗaga abin da yake cira daga banki duk wata. Ya nema banki ya mayar, ba kuɗi. Ya sake nema. Wasiƙu suka fara zuwa, daga baya aka kira maigida aka ce mafita ita ce a mayar da mu tsarin biya kafin sha. Ba wanda ya zo gidan. Mitarmu irin ta zamani ce, daga ofishinsu suka juya ta.

Duk wanda ya zauna a Kano ko Kaduna ya san mita mai kati, amma ta nan tana da haƙora uku. Na farko, akwai kuɗin tsayuwa da ake cira kullum ko ka kunna ko ba ka kunna ba, wuta da gas a haɗe sama da fam 5 a mako. Na biyu, tsohon bashin an ɗora shi a kan mitar, duk mako tana zare nata. Na uku, idan kuɗi ya ƙare ka danna rancen gaggawa, da zarar ka sa sabon kuɗi shi za ta fara cira. Sai ka je kanti ka sa fam 20 a gas, kafin ka tuɓe takalmi abin da ya rage bai kai rabi ba. A wancan lokaci ma masu irin wannan mita sun fi masu biya ta banki tsadar farashi, sai a Yulin 2023 aka cire bambancin. Kamfani kuma ba ya yanke maka wuta. Mitar ce za ta ɗauke, a littafinsu a rubuta cewa kai ka yanke wa kanka.

A tsakiyar Disamba aka yi wani sanyi na kwana da kwanaki, ruwa yana daskarewa a jikin taga ta ciki. Muka tattara a ɗaki ɗaya. Na daina kunna tanda, na koma dafa abin da zai nuna da wuri. Alwala da ruwan buta. Wankin yara ba ya bushewa, danshinsa ya kama bango, baƙar funfuna ta fito a bayan kabad. A watan da ya gabata ne aka yi ta maganar Awaab Ishak a labarai, yaron nan ɗan shekara biyu da ya rasu a Rochdale a 2020, wanda bincike ya tabbatar funfunar gidansu ce ta kashe shi. Duk tarin da autarmu ta yi da dare sai na tashi zaune.

Ba mu gaya wa kowa ba. A gida ana ganin wanda ke Ingila ya haye, ranar Juma'a kuma kowa ya zo masallaci fes da shi, ba ka sanin wanda ya baro gidansa ba wuta.

Ma'aikaciyar lafiya mai ziyartar ƙananan yara a gida ce ta fara ganewa. Ta zo duba autar, ta same mu da rigunan sanyi a falo, ita ma ba ta cire tata ba. Ba ta yi mini wa'azi ba. Tambaya ɗaya ta yi, nawa ya rage a mitar gas. Na nuna mata. A nan zaune ta cike wani fom a wayarta, kashegari saƙo ya shigo wayata da lambobi. Na kai kantin da ke da alamar PayPoint, inda ake sa wa mita kuɗi, aka zuba mana fam 49. Daga Fuel Bank Foundation ne, ƙungiyar da aikinta ke nan, taimakon masu mitar kati da wutarsu ta ɗauke ko take dab da ɗaukewa. Ba a zuwa wurinsu kai tsaye. Sai wani ma'aikaci da suka amince da shi ya tura sunanka.

Haka kusan duk tsarin yake, kuma shi ne abin da ya fi ɗaure wa mutanenmu kai. Mu mun saba ka je wurin mai hali ka faɗi damuwarka, ya dube ka, ya sa hannu aljihu. A nan kowace ƙofa da takardar ƙofar da ta gabace ta ake buɗe ta. Bankin abinci na ƙungiyar agaji ta Trussell Trust, inda ake raba wa mabuƙata abinci kyauta, da ma'aikaciyar lafiyar ta tura ni, shi ma da takarda ake zuwa. A zauren wani coci yake, na yi ɗan jim a bakin ƙofa da hijabina kafin na shiga. Wata dattijuwa ta ba ni shayi, ta tambaye ni abin da ba ma ci, ta cire gwangwanayen da ke da naman alade ta musanya da kifi da wake. Abincin kwana uku suke bayarwa. Kuma a wani teburi a gefe akwai ma'aikaciyar Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, ita ta rubuta mini ranar ganin mai ba da shawara kan bashi. Ta ce in zo da duk wata wasiƙa da ke gidan, har waɗanda ba a buɗe ba.

Da na faɗa wa maigida ya yi shiru. Can ya ce, “Maman yara, yanzu sai mu kwashe asirinmu mu kai wa bare?” Na ce, “Malam, asirin ai yana hannun bare tun tuni, su ke rubuto mana wasiƙa.” Ya raka ni.

Matar da muka gani ba ta yi mamakin ledar wasiƙun ba. Ta zazzage su a tebur ta fara rabawa gida biyu. A ɓangare ɗaya ta sa kuɗin haya, harajin kansul, wato na ƙaramar hukuma, da bashin wuta da gas. A ɗayan ta sa katin bashi, abin da banki ya bari aka ci fiye da ajiya, da kamfanin da muka sayi injin wanki a wurinsa biya sannu-sannu. Ta ce ba yawan kuɗi ke sa bashi ya zama na gaba ba, abin da zai same ka in ba ka biya ba shi ne ma'auni. Haya, a fitar da kai daga gida. Wuta, ka kwana a sanyi. Harajin kansul kuwa shi ya fi saurin cizo: ka tsallake biya ɗaya a aiko maka tuni na kwana bakwai, in ba ka biya ba a nemi na shekarar gaba ɗaya, daga nan kotun majistare, daga nan masu ƙwace kaya. Su kuma a lokacin wasiƙarsu ta farko kaɗai fam 75 ce a kanka, in suka taka ƙofarka a ƙara fam 235. Masu katin bashi, waɗanda suka fi kowa kiran waya safe da yamma, su ne ba su da ikon yin komai sai sun bi doguwar hanyar kotu. Ta ce kusan duk wanda ya zauna a kujerar nan mai hayaniya yake biya, mai haɗari yana gefe yana jira.

Ta kuma gaya mana abin da ya sa na yi barci a daren: a kan harajin kansul, masu ƙwace kaya ba su da ikon fasa ƙofa su shigo in ba ka taɓa barinsu sun shiga ba. Ka yi magana da su ta bayan ƙofa. Amma mota da ke waje suna iya ɗaure ta.

Daga nan aka shiga aikin gaske, wato takardar kasafi. Fom ne guda da ƙungiyoyin ba da shawara da masu bin bashi duk suka yarda da shi, an jera abin da ke shigowa da abin da ke fita. Ban taɓa zaton takarda ɗaya za ta yi mana aikin da wannan ta yi ba. Duk wanda muka tunkara daga baya, kamfanin wuta ne, kansul ne, masu ba da tallafi ne, ita yake fara nema. Amma cike ta ba daɗi. Da bayanan banki na wata uku a gabanta take tafiya, layi bayan layi. Nawa a abinci, nawa a motar haya, nawa a takalman makaranta. Inda na rage don kunya sai ta ce a'a, gida mai mutum biyar ba ya rayuwa a kan wannan, in muka rubuta ƙarya wata biyu tsarin zai rushe.

Sai ta tsaya a kan layi biyu da ke maimaituwa duk wata. Ɗaya kuɗin da maigida ke tura wa mahaifiyarsa a Katsina. Ɗayan zubin adashina.

Na Inna bai yi wuya sosai ba. Ta tambaya ko akwai mai ɗaukar nauyinta in ba shi ba, ya ce akwai ƙannensa amma maganin hawan jininta a kansa yake. Ta ce za ta rubuta shi da bayani, amma mu sani masu bin bashi suna iya ƙorafi, gara a rage shi zuwa kuɗin maganin kawai. A daren ya kira ƙaninsa, karo na farko da wani a gida ya ji halin da muke ciki. Na ji shi yana cewa, “Kar ka faɗa wa Inna, ka dai riƙe cefanen zuwa bayan azumi.”

Adashin ne ya ƙi shiga fom. Mu goma ne, duk mata, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da wata 'yar Kumasi. Na riga na kwashi nawa da rani, da shi aka biya haya lokacin da ciwon ya fara, saura zubi huɗu a kaina. Na yi mata bayani, ta gane da sauri, ta ce 'yan Jamaika da 'yan Somaliya da ke zuwa wurinta suna da irinsa. Amma a idon doka, in ji ta, wannan bashi ne na 'yan uwa da abokai, yana layi ɗaya da katin bashi, ba shi da fifiko. Na ce mata a wurinmu shi ne na farko. Banki bai san fuskata ba, matan nan kuwa su suka yi mini girki da na haihu, kuma kuɗin da zan hana ba na kamfani ba ne, na wata ce da ke jiran kwasarta ta biya nata buƙatun. Ta ce ta ji, ba za ta ce in ci amanar kowa ba, amma ba za ta iya rubuta wa kansul cewa ba mu da abin biyan haraji ba alhali ana ganin wannan kuɗi yana fita. Har yau ina ganin kowannenmu da gaskiyarsa. Fom ɗin dai an tsara shi ne don mutanen da bashinsu duk na kamfanoni ne.

Dole na je wurin uwar adashi, wata dattijuwa 'yar Damagaram da ta fi shekara talatin a ƙasar. Na durƙusa na gaishe ta, na kasa farawa. Ta ce, “'Yar nan, faɗi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.” Da na gama ta yi mini faɗa, ba na bashin ba, na shirun. “Yara na kwana a sanyi, kina gaishe ni a masallaci kina cewa lafiya lau?” Ita ta ɗauki zubina ta riƙa yi, ta ce in biya ta in Allah ya hore, ba wa'adi. Sauran matan ba su sani ba sai da na faɗa musu da bakina daga baya.

Da kasafin ya kammala, mai shawarar ta sa mu a wani tsari da ake kira Breathing Space, wanda ya fara aiki a Ingila da Wales a Mayun 2021. Kwana 60 ne da doka ta hana masu bin bashi kiranka, ko ƙara kuɗin ruwa da tara, ko turo masu ƙwace kaya. Ba ka iya nema da kanka, sai ta hannun mai ba da shawara da hukuma ta amince da shi, kuma sau ɗaya a cikin wata goma sha biyu. Ba yafiya ba ce. Hayar watan da harajin watan da wutar da kake sha suna nan a kanka. Amma wayar ta yi shiru, mutum ya samu kansa ya yi tunani.

A gabanmu ta kira kamfanin wuta. Maganar da muka yi ta yi da su ba ta shiga ba, ita cikin 'yan mintoci ta gama, don ta san sunan kowace ƙa'ida. Ƙa'idar Ofgem ta ce dole kamfani ya duba ƙarfin mutum kafin ya yanka masa abin da mita za ta riƙa cira, sai aka sauke namu zuwa 'yan fam kaɗan a mako. Ta sa aka rubuta mu a rajistar gidajen da ake ba kulawa ta musamman, kyauta ce, kuma duk gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar ya cancanta. Ta kuma nuna mana cewa irin gidanmu in kuɗi ya ƙare ƙaf muna iya kira a zuba mana ƙarin rance nan take. Duk waɗannan haƙƙoƙi suna nan tun kafin mu shiga matsala, ba wanda ya ambata mana su a waya. A Fabrairun 2023 ne, bayan wata jarida ta fallasa yadda ake fasa gidajen marasa ƙarfi a sa musu mitar kati, aka dakatar da sa ta da ƙarfi a faɗin ƙasar. Mu ya riga ya wuce mu.

A kansul kuma ta nema mana ragin haraji na masu ƙaramin ƙarfi, aka yarda mu biya tsohon a hankali. Ta duba shafin Turn2us, mai nuna wa mutum tallafin da zai iya samu, ta ga abin da muka cancanta ba mu nema ba, ciki har da katin Healthy Start na madara da kayan lambu, fam 4.25 a mako a lokacin saboda autar. Daga asusun Household Support Fund, wanda gwamnati ta fara ba kansuloli a Oktoban 2021, aka ba mu takardar sayen abinci a babban kanti.

Kuɗin da ya share bashin wutar shi ya zo a ƙarshe, kuma shi ya fi cin rai. Manyan kamfanonin makamashi da dama suna da asusun tallafi. Wanda aka fi sani shi ne British Gas Energy Trust, wanda yakan karɓi har waɗanda ba abokan cinikin British Gas ba. Mu na kamfaninmu muka nema. Sharaɗinsu na farko shi ne shaidar cewa ka ga mai ba da shawara kan bashi kwanan nan, don ba sa son su biya maka yau ka koma ciki gobe. Sai takardar kasafi, shaidar kuɗin shiga na kowa a gidan, karatun mita na ranar, da bayanin yadda bashin ya samu. An dawo mana da shi saboda wai takardar Universal Credit ɗin ta tsufa, alhali a hannunsu ta tsufa. Muka sake turawa. Sai bayan sallar azumi amsa ta zo, sun share kaso mafi girma, saura muka ci gaba da biya ta mita.

Zakka kuwa ban taɓa kawo ta a raina ba. A tunanina zakka gida ake tura ta. Limamin masallacinmu ne ya tare maigida bayan sallar asuba, ashe uwar adashi ta yi masa magana. Maigida ya ce, “Allah gafarta Malam, ni da nake da mota a waje?” Liman ya karanto masa aya ta 60 a Suratut Tauba, inda aka lissafa rukunin mutane takwas da zakka ta halatta gare su, ya ce masu bashi suna ciki da sunansu, ba alfarma ba ce. Ya tura mu National Zakat Foundation, ƙungiyar da aka kafa a 2011 don raba zakkar Musulmin Birtaniya a cikin Birtaniya. Ta intanet ake nema, kuma su ma sai da katin shaida da bayanan banki da takardun bashin. Abin da suka ba mu da shi muka cike gibin haya, mai gidan ya janye maganar ba mu takardar tashi.

Saura basussukan kamfanoni. Kafin kwana 60 ɗin su cika aka shimfiɗa mana hanyoyi. Akwai wadda ake kira DRO, inda ake dakatar da bashin shekara guda sannan a yafe shi in halinka bai canja ba. A lokacin sai bashin bai wuce fam 30,000 ba, rararka a wata ba ta wuce fam 75 ba, motarka ba ta kai darajar fam 2,000 ba, kuma ka biya fam 90 na nema. A 2024 an soke fam 90 ɗin, an ɗaga bashin zuwa fam 50,000, mota zuwa fam 4,000. Motarmu ta ɗan haura iyakar wancan lokaci, kuma da ita maigida zai koma aiki. Ban da haka, a wannan hanya dole a lissafa kowane bashi, har na uwar adashi, ba a yarda ka fifita wani a ɓoye ba. Maigida kuma ya ce shi abin da ya ci da hannunsa yana son ya biya, kuɗin ruwan ne bai yarda da shi ba.

Sai muka zaɓi tsarin biya a hankali ta hannun StepChange, ƙungiyar agaji mai hedikwata a Leeds. Kuɗi ɗaya kake tura musu a wata, su raba wa masu binka gwargwadon bashin kowa, ba su cire ko sisi. Su suka rubuta wa kamfanonin suka nemi a tsayar da kuɗin ruwa. Doka ba ta tilasta wa kamfani ya yarda ba, amma namu duk sun yarda. Sunanka zai ɓaci a rajistar masu karɓar bashi na shekara shida, wannan ba makawa.

A tsakanin nan wayata ta cika da kiran wasu kamfanoni masu sunaye kamar na ƙungiyoyin agaji, suna cewa gwamnati za ta yafe mana kaso mafi yawa na bashi. Wani tsari suke tallatawa mai suna IVA, na shekara biyar ko shida, wanda suke cin kuɗi mai yawa a cikinsa, in ka kasa biya a tsakiya kuma ka koma inda ka fito. Yana da waɗanda ya dace da su, amma ba irinmu ba. Shawarar bashi ta gaskiya a ƙasar nan kyauta ce: Citizens Advice, StepChange, National Debtline, da Christians Against Poverty da aka kafa a Bradford a 1996, wadda ba ta tambayar addininka kafin ta taimake ka.

Wani ma'aikaci daga shirin Green Doctor na ƙungiyar Groundwork ya zo gidan ya toshe kafofin iska a ƙofofi, ya manna takardar azurfa a bayan hitoci, ya sauke zafin boila, tukunyar da ke ɗumama ruwan gidan, zuwa digiri 60, ya canja ƙwayayen fitila. Ya rage wani abu, amma bangon nan dai shi ne bangon. Ya rubuta rahoto kan funfunar, da shi muka matsa wa mai gidan ya sa fankar fitar da tururi a banɗaki.

Da yawa cikin mutanenmu da suka zo 'yan shekarun nan da bizar aikin kula da tsofaffi ko ta karatu an rubuta musu cewa ba su da haƙƙin cin kuɗin gwamnati, saboda haka suna tsoron ko gaisawa da waɗannan ƙungiyoyi. Universal Credit da ragin harajin kansul lalle ba nasu ba ne. Amma bankin abinci, da zakka, da shawarar bashi, da ƙa'idojin Ofgem, ba sa cikin kuɗin gwamnati. Kuma inda akwai yaro cikin tsananin buƙata, sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa kansul nauyin duba shi ko da me aka rubuta a bizar iyayensa. Duk abin da ya fito ta hannun kansul dai a tambayi mai shawara kafin a sa hannu.

Maigida ya koma aiki da kakar 2023, a wurin da ba ɗaukar nauyi. StepChange suna sake duba kasafin duk shekara, da albashinsa ya dawo suka ɗaga abin da muke biya a wata, wa'adin ya ragu. Uwar adashi na gama biyanta kafin babbar sallar shekarar da ta biyo baya. Da bashin mitar ya ƙare kamfanin ya ce muna iya komawa biya ta banki, maigida ya ƙi, ya ce gara ya riƙa ganin abin da ya rage da idonsa. Ni na fi son a koma, don da rani ma sai na tuna in riƙa zuba wa mitar gas kuɗi ko ba ma kunna hita, in ba haka ba kuɗin tsayuwa ya taru ya jira mu a Oktoba. Har yanzu ba mu daidaita a kan wannan ba.